Wai da gaske ana binne fayif a ƙasa a sanyaya gida? Masu gini a Zariya, ku zo

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara dariya. Na fara gini a Ɗanmagaji, fuloti ɗaya ne, ƙafa 50 da 100, ɗaki uku da falo. An gama harsashi, sati mai zuwa za a haƙa ramin masai. Jiya autanmu da ke karatu a Suwidin ya kira ni, ya ce gidan da yake haya da ɗumin ƙasa ake ɗumama shi. Wai fayif aka zura cikin ƙasa, ruwa na zagayawa a ciki, wani inji kuma yana ɗebo ɗumin yana rarraba wa ɗakuna. Ya ce injin ana juya shi, in ana zafi ya kwashe zafin ɗaki ya kai ƙasa. Shawararsa ita ce, tunda leburori suna wurin da diga da shebur, in sa su ja ramuka a tsakar gida in binne fayif ɗin tun yanzu kafin a yi daɓe, inji ya biyo baya in Allah ya hore. To wanda ya san kan abin ya taimaka: zurfi nawa, tsawo nawa, wane irin fayif? Bara watan Afrilu gaba ɗayansa a tsakar gida muka kwana ni da yara, sauro ya yi bikinsa a kanmu.

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Alhaji, mu muna bin 'yan garuwa muna neman wanda za mu sha, kai kana neman wanda za ka binne?

Maman Walid:
Kai dai ba ka gajiya. An ce a karanta har ƙarshe.

Injiniya na Samaru:
Wa alaikumus salam Baban Sadiya, Allah ya sa a gama lafiya. Auta bai yi maka ƙarya ba, kuma dabarar ta tsufa, tun 1912 wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Heinrich Zoelly ya yi rajistarta. Injin kuwa ɗan'uwan firij ne da esi, uwa ɗaya uba ɗaya. Taɓa bayan firij ɗinka za ka ji ɗumi, to zafin cikinsa ne ya kwaso ya zubar a nan. Akwatin esi da ke waje, wanda ke feso maka iska mai zafi in ka gifta ta gabansa, shi ma zafin ɗaki yake amayarwa. A tsarin da Auta ke magana, ruwa ake juye wa zafin, ruwan ya bi fayif ya kai wa ƙasa.

Amma kafin a taɓa diga, akwai abin da nake so ka riƙe. Ƙasa ba ta da wani sanyi nata na kanta, abin da ta iya shi ne rashin canzawa. Bambancin dare da rana yana ɓacewa kafin ka kai mita ɗaya. In ka sauka mita 10 zuwa 15, zafin wurin kusan ɗaya ne rani da damina, kuma yana bin matsakaicin zafin garin na shekara. A inda Auta yake, wannan bai kai digiri 10 ba. A Zariya matsakaicinmu wajen 25 ne, ƙasa kuma takan ɗan ɗara haka. Kenan su firij suka taka, mu kuwa ruwan da ya kwana a bokiti muka taka.

Baban Sadiya:
To Injiniya, ai 25 ɗin ma ni ta yi mini. A watan Maris ɗakina da rana kamar gidan burodi yake.

Injiniya na Samaru:
Ba 25 ɗin za ta shigo maka ɗaki kai tsaye ba. Ruwan da ya fito daga ƙasa da digiri 27 ko 28 ba zai sanyaya ɗaki shi kaɗai ba, sai an bi ta kwamfureso, wato injin da ke matsa gas a cikin firij da esi. Amfanin ƙasar shi ne ta sauƙaƙa wa kwamfureson aiki. Oga Mai Esi yana cikin zauren nan, shi zai fi ni bayanin yadda esi ke shan wahala da bazara.

Oga Mai Esi (Sabon Gari):
Ina nan Injiniya, hannuna ne da baƙin mai. Wannan gaskiya ne. Daga Maris zuwa farkon Mayu waya ba ta barina in ci abinci. Mutum zai kafa akwatin waje a bangon yamma, rana na dukansa tun azahar, iskar da yake shaƙa ta kai 38, ga ƙurar hunturu ta toshe ragar bayansa ba a wanke ba. Sai ka ji kwamfureso yana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin yashi, can ya yanke. A kira ni a ce gas ya ƙare. Gas yana nan, zafi ne ya rasa inda zai zubar. Akwai wani kwastomana da ke sa yaro yana watsa wa akwatin ruwa da buta, kuma wallahi yana taimakawa, sai dai tsatsa.

Amma ni tambayata ɗaya ce. Shekara 17 ina wannan aiki, ban taɓa ganin irin wannan inji a wani gida a Zariya ba. Ran da ya lalace, wa zai buɗe shi? In wani ɗan ƙarfe ya ƙone a ciki, a wace rumfa a kasuwar Sabon Gari za a same shi?

Ɗan Tudun Wada:
Sai a kira Auta ya turo ta WhatsApp.

Injiniya na Samaru:
Tambayar Oga tana kan hanya, za mu dawo mata. Bari in yi wa Baban Sadiya lissafin da ya nema, shi da kansa zai ga inda gizo ke saƙa.

Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana kwashe zafi wajen kilowat 3.5 daga ɗaki. Ɗaki uku da falo, a ce guda huɗu, kilowat 14 kenan. Abin da za a kai ƙasa ya fi haka, domin wutar da kwamfureso ya ci ita ma zafi take komawa, ka ce 17 ko 18. A Amurka masu wannan aiki sukan ƙiyasta fayif mita 120 zuwa 180 ga kowane kilowat 3.5 in a kwance za a shimfiɗa shi cikin rami mai zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ninka huɗu, ka tashi da mita 500 zuwa 700, kuma ana barin tazarar kusan mita ɗaya tsakanin layi da layi don kada su riƙa ɗumama juna. Fulotinka mita 15 ne da 30, murabba'in mita 450. Gini ya ci rabi ko fiye, cire masai, cire wurin mota, cire inda Hajiya za ta ce sai an dasa mata zogale. Ina fayif zai kwanta? Akwai masu naɗa shi zobe-zobe kamar gammo don ya ci ƙaramin wuri, amma ƙasar da za ta karɓi zafin ba ta ƙaru ba don ka naɗa fayif.

Wannan ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce bushewa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ɗaukar zafi ta wuce da shi sau da yawa fiye da busasshiya. Mu kuwa ruwan sama yana ɗaukewa a Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Mayu. Lokacin da ka fi buƙatar sanyi, Maris da Afrilu, shi ne lokacin da saman ƙasarmu ya bushe ƙamas. Ga shi kuma fayif mai zafi yana korar ɗan danshin da ke kewaye da shi, sai ƙasar ta ja baya ta tsage, fayif ya zauna cikin busasshen kwasfa kamar an lulluɓe shi da bargo. A Turai a lokacin sanyi suke aiki da nasu, lokacin da ƙasarsu ke jiƙe sharkaf.

Baban Sadiya:
Innalillahi. Ni fa har na yi waya Kano ina tambayar kuɗin fayif.

Malam na Gyallesu:
Alhaji, gara kai waya ka yi, ni aikatawa na yi. Bari in ba ku labari ko wani ya tsira.

Shekara huɗu ke nan na ga wani bidiyo a YouTube, nawa ba na ruwa ba ne, na iska ne. Na sayo farin fayif mai inci 6, na sa aka haƙa rami ƙafa biyar daga gindin katanga har ɗakin kwana, wajen mita 25. Baki ɗaya na waje na sa masa raga, ɗayan ya ɓullo a ɗaki bayan gado, na ɗaura masa ƙaramar fanka. Gaskiya a watan Maris na ji daɗi. Ba sanyin esi ba ne, amma in ka kara tafin hannu za ka ji iskar ta fi ta waje sauƙi, kamar ka shiga zauren gidan ƙasa. Har maƙwabta na riƙa kira suna zuwa gani.

Da Agusta ta yi, sai wani wari ya fara tashi. Na zaci ɓera ne ya mutu a silin, na hau na duba babu komai. Ran nan da dare na haska tocila cikin bakin fayif, sai ga ruwa kwance yana ƙyalli, ga kwaɗo ya zuba mini ido. Ashe ruwan damina ya shiga ta mahaɗan da filamba ya liƙe da gam, fayif ɗin kuma ya lotsa a tsakiya, babu inda ruwan zai fita. Na yi wa sauro gidan haya kyauta, da fanka mai kawo su har gado. Uwargida ba ta ce mini uffan ba, na dawo daga masallaci na tarar ta cusa tsumma ta jingina bulo. Har yau bulon yana nan.

Maman Walid:
Allah ya saka wa uwargida da alheri.

Ɗan Tudun Wada:
Malam, kwaɗon fa? An sallame shi ko yana ciki?

Injiniya na Samaru:
Malam, tunaninka bai ɓaci ba, aikin ne ya ɓaci. Sanyin da ka ji a Maris na gaske ne: a zurfin mita biyu ƙasa tana makara da wata ɗaya zuwa biyu, sauran sanyin hunturu ne ka tarar. Irin wannan bututun iska ana karkata shi ne kaɗan zuwa gefe ɗaya, a yi masa ɗan rami a ƙarshe inda ruwa zai taru a kwashe, mahaɗai kuma su zama ba sa yoyo ko kaɗan. Amma iska ba ta da ƙarfin ɗaukar zafi. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar abin da sai iska lita fiye da 3,000 za ta ɗauka, shi ya sa ake fifita ruwa.

Kawu na Birni:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke karanta mini, shi ke rubuta abin da na faɗa. Ina jin ku kuna ta neman sanyin ƙasa da inji. Ɗakin da nake kwana kakana ya gina shi da tubali, kaurin bangon ya kai kamu biyu, rufin soro ne da azara. Da azahar in ka shigo sai ka ce wani gari ka zo. Da hunturu kuma ko bargo biyu ban cika nema ba. Ku je ku dubi tsohon ginin masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Ba fayif, ba waya. Ku kun ɗauki ƙasar kun zubar, kun sayo bulo mai rami da kwano, kun zauna cikin gwangwani, yanzu kuma za ku haƙa rami ku bi ta da kuɗi ku roƙe ta sanyi.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya ja kwana Kawu. Amma a faɗi ɗayan gefen: duk shekara sai an yi yaɓe, kuma in ruwan Agusta ya yi kwana uku yana zuba, ba mai barci da ido biyu a gidan ƙasa. Mu a gidanmu bango ya taɓa zaunawa da tsakar dare, Allah ne ya kiyaye.

Kawu na Birni:
Gidan da aka bar indararo ya toshe ne ke zaunawa. Ka tambayi babanka yaushe rabon da a hau soron.

Ɗan Tudun Wada:
Na yi shiru Kawu.

Maman Walid:
Ni ma dai ina da tambaya irin ta Kawu. Randata da na binne gindinta a yashi, ruwanta har haƙori yake kamawa da bazara. Ba sanyin ƙasa ba ne wannan?

Injiniya na Samaru:
A'a Hajiya, wannan aikin iska ne. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, busasshiyar iska ta shanye shi, shanyewar ce ke tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke yi mana. Da wannan ne Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki lura, da damina randar ba ta yin sanyi kamar na Maris.

Maman Walid:
Wallahi haka ne, ban taɓa haɗa su ba.

Mai Burtsatse:
Salam. Yanzu na sauko daga aiki na tarar da saƙo ya fi 20. Injiniya, ka yi maganar kwance, ba ka yi maganar tsaye ba. In fili ne matsala, ai ƙasa ba ta ƙarewa ta ƙasa. Mu da muke huda Zariya kullum mun san cikinta: jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse inda ake samun ɗan ruwa, daga nan sai dutse mai rai, irin na Kufena, wanda sai da guduma ta iska ake cinsa. Wani wuri ka same shi kusa, wani wuri sai ka nutsa. Shi wannan dutsen yaya yake da zafi?

Injiniya na Samaru:
Yawwa, ka zo inda nake jira. Dutsen nan ya fi busasshiyar ƙasa iya ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, kuma can ƙasa babu ruwansa da rani ko damina. In za a yi abin nan a Zariya, a tsaye ya kamata a yi shi. Ƙiyasin da aka saba shi ne rami mita 45 zuwa 60 ga kowane kilowat 3.5, mu da ƙasarmu ke da ɗumi sai mu ɗauki na sama ko mu ƙara. Gidan Baban Sadiya gaba ɗaya zai ci burtsatse huɗu masu mita 60, da tazarar aƙalla mita 5 zuwa 6 tsakaninsu.

Baban Sadiya:
Burtsatse huɗu! Injiniya, ɗaya ma da na yi har yau ban warke ba. Wani ya zo da na'urarsa ya zagaya fulotin ya ce ga ruwa nan kamar kogi. Aka huda mita 70, ƙura kawai ke tashi fara fat kamar garin rogo. Abin da ke taruwa a ciki bai fi jarka shida a wuni ba. Na sa aka rufe bakin da siminti, mutumin kuma ya daina ɗaga wayata.

Mai Burtsatse:
Ba ni ba ne dai, jama'a su shaida. Amma Alhaji tsaya. Ramin yana nan? Bai rufta ba?

Baban Sadiya:
Yana nan, da kesin ɗinsa, wato bututun da ke tare bangon ramin, har inda dutse ya fara.

Mai Burtsatse:
Injiniya, ka ji fa.

Injiniya na Samaru:
Na ji, har na gyara zama. Baban Sadiya, wannan ramin da kake kallo a matsayin asara, shi ne abu mafi tsada a duk tsarin, kuma ka riga ka biya. Rufaffen fayif ba ya buƙatar ramin ya ba da ruwa, ruwansa na cikinsa yana zagayawa. Mita 70 a dutse za ta iya ɗaukar ɗaki ɗaya. Ba gida duka ba, ɗaki ɗaya.

Baban Sadiya:
Bari in sa Admin ya shigo da Auta, shi ya jawo maganar.

Auta:
Assalamu alaikum, ina gaida iyaye da yayye. Kawu, ina wuni. Na karanta komai, kuma Injiniya ya fi ni gaskiya, ni na ɗauki abin da na gani a nan na ɗora wa gida ban yi lissafi ba. Abin da zan ƙara shi ne, a nan ma yawanci a tsaye suke yi, domin ƙasarsu dutse ce kamar tamu, suna huda mita 100 zuwa 200. Na tsaya na kalli yadda aka yi wa maƙwabcinmu. Fayif ɗin baƙi ne na roba mai tauri, faɗinsa milimita 40, ya zo a naɗe a kan babban gare. Layi biyu ne da aka haɗe ƙarshensu tun daga masana'anta, ruwa ya sauka ta ɗaya ya hau ta ɗaya. Sun cika shi da ruwa tukuna, suka rataya masa ƙarfe mai nauyi a gindi, sannan suka riƙa sakinsa a hankali. Duk tsawon ramin babu mahaɗi ko ɗaya. Inda dole a haɗa a sama, da wuta suke narka robar ta zama abu ɗaya, babu gam. Su suna zuba wa ruwan sinadarin hana daskarewa, mu ba ma buƙatarsa.

Filamba na Kwangila:
Baƙin fayif ɗin akwai shi, da shi muke jan ruwa, ana samun mai 32 da mai 40. A nemi mai kauri, kada a yarda da na ban ruwan lambu. Injin narka mahaɗi ne ba kowa ke da shi ba. Kuma don Allah duk wanda zai binne fayif, ko na mene ne, ya cika shi da ruwa ya matsa masa iska ya sa agogon awon matsi, ya bar shi ya ga ko allura za ta sauka, kafin a mayar da ƙasa. Na sha fasa daɓen mutane saboda wannan. Ramin da zai kai shi daga burtsatse zuwa ɗaki a shimfiɗa yashi mai laushi sama da ƙasa, marmara tana yanka roba. A ɗauki hoto, a zana inda ya bi a takarda a ajiye tare da takardun fili, domin bayan shekara biyar wani zai zo dasa mangwaro da diga.

Injiniya na Samaru:
Duk abin da ya faɗa haka ne. Saura cike ramin. Ba a barin fayif yana lilo cikin iska, iska ba ta kai zafi ga dutse. Ana dama bentonait, wani irin yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa, da yashi mai laushi, a tura ta wani siririn fayif tun daga gindi tana hawowa har baki. In daga sama aka zuba, sai ta toshe a tsakiya ta bar kogo. Cikewar tana kuma hana ƙazantar sama gangarawa cikin ruwan ƙasa, don haka ramin masan da za ka haƙa sati mai zuwa, nisanta shi da burtsatsen iyakar yadda fulotin ya bari.

Mai Burtsatse:
Bentonait muna da ita, da ita muke haƙa a wuri mai yashi. Turawa daga gindi ne ban taɓa yi ba, amma famfon laka zai iya.

Ɗan Tudun Wada:
Ni fa har yanzu ban ji inda aka ce abin yana aiki ba wuta ba. Unguwarmu in aka kawo ta awa huɗu sai an yi guɗa.

Injiniya na Samaru:
Ba ya yi. Kwamfureso na nan, ga kuma ɗan famfon da ke zagaya ruwa. Abin da ake samu ragi ne. A ƙa'idar masu sanyi, duk digiri ɗaya da ka rage wa wurin zubar da zafi, kwamfureso yana rage cin wuta kashi 2 zuwa 3 cikin 100. In iskar waje 38 ce ruwan fayif kuma yana dawowa da 30 ko 32, ka ga akwai riba da bazara, kuma ga mai sola wannan ragin batir ne da faranti. Da damina kuwa, da iskar waje ke sauka ƙasa da 30, ribar kusan babu.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Su Auta suna ɗibar zafi daga dutse da sanyi, da bazara ya dawo. Mu zubawa kawai za mu riƙa yi wata takwas ko tara, ba ma ɗiba. Rami ɗaya shi kaɗai yana iya watsar da shi gefe, amma in ramuka sun yi yawa sun matsu, shekara bayan shekara wurin zai riƙa ɗumama.

Maman Walid:
To ku ba mu zafin mana. Da hunturu kullum asuba sai na dafa ruwan wankan yara biyar, gas yana tafiya kamar ana sata. Ba a iya juya shi tanki?

Injiniya na Samaru:
Ana yi Hajiya, akwai injinan da ke da wannan haɗin, zafin da aka kwaso daga ɗaki ya fara bi ta tankin ruwan wanka kafin ya wuce ƙasa. Da hunturu kuma a juya shi ya ɗebo daga ƙasa ya dafa ruwa, dutsen ma ya samu ya huce. Wutar da zai ci ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da hita mai waya ke ci.

Wani Ɗalibi:
Yallaɓai, me zai hana a jawo ruwan burtsatse mai ruwa kai tsaye ya bi ta injin ya fita? Ba sai an binne komai ba.

Injiniya na Samaru:
Lissafa ka gani. Esi ɗaya yana buƙatar wajen lita 13 a minti, jarka ɗaya duk minti biyu. Kwana ɗaya na awa takwas, jarka 250. A Zariya, a watan Afrilu. Maƙwabta za su kai ka gaban mai unguwa.

Oga Mai Esi (Sabon Gari):
An ce za a dawo kan tambayata, ba a dawo ba. Amma ina zaune ina tunani. In ɗaki ɗaya ne, me ya sa sai an yi odar inji daga waje? Akwai tukunyar musayar zafi ta ruwa, wadda gas ɗin inji ke juye wa ruwa zafinsa a cikinta, da ake sa wa manyan injinan sanyi, irin na masu ƙanƙara. A samo ƙarama, in cire ragar akwatin waje na tsohon esi in haɗa ta a wurin. In ya lalace ni na haɗa, ni zan gyara. Ban yi alkawarin zai yi kyan gani ba.

Injiniya na Samaru:
Zai yiwu, da sharaɗin a sa makunnin da zai kashe kwamfureso in ruwa ya tsaya, in ba haka ba minti kaɗan ya ƙone. Kuma Baban Sadiya, kafin duk wannan, maganar Kawu tana nan. Ba ka yi rufi ba tukuna. Sa kwano mai haske, ka ɗaga shi, ka bar wa iska hanyar fita tsakaninsa da silin, ka shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, ka rage tagogin yamma ko ka yi musu rumfa. Duk zafin da bai shigo ba, ba sai ka biya an kai shi mita 70 ba.

Kawu na Birni:
Jikana ya ce an ambace ni. To madalla. A dasa darbejiya ta yamma.

Filamba na Kwangila:
Nesa da fayif dai Kawu.

Bayan kwana uku

Baban Sadiya:
Salam jama'a. Na hana leburori jan ramukan tsakar gida, ramin masai kuma na mayar da shi can kusurwar gabas. Jiya muka fasa simintin bakin burtsatsen, Mai Burtsatse ya zo da kansa, Allah ya saka. Mun zura igiya da ƙarfe, ta sauka mita 66, ƙasan ya ɗan cike. Akwai ruwa kwance tun daga wajen mita 20. Mun saukar da gora muka bar ta can ƙasa minti 30, muka jawo da sauri muka tsoma ma'aunin zafin da Injiniya ya ara mini: 27 da ɗan ɗigo. A inuwar katanga a lokacin yana nuna 36.

Injiniya na Samaru:
To ka ga da idonka. Sake aunawa ƙarshen Afrilu ka rubuta. Kada ka sayi fayif sai Oga ya samo tukunyar, girmanta ne zai faɗa mana ko 32 za a saya ko 40.

Oga Mai Esi (Sabon Gari):
Ranar Asabar zan shiga Kano, zan duba.

Malam na Gyallesu:
In an tashi zurawa a kira ni, ina so in gani. Kuma in akwai mai son farin fayif inci 6 mita 25, ya zo da leburansa ya tone.

Ɗan Tudun Wada:
Da kwaɗon ko ban da shi?